Kajin Kumandan

Bana ma ruwa ya yi nawa. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta kore shi. A wayi gari ƙasa tana nan yadda take, fara fat, tana ƙona tafin ƙafa. Ni dai ina zaune gindin dogon yaro a gidan jikana, nan Dogon Dutsi, inda suka ɗauko ni tun da gwiwoyina suka daina kai ni rijiya. Jikan nawa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai son kiwo. Kwanan baya ya shigo da wasu kaji cikin kwali, manya-manya, zakaran ya kusa kai ɗan akuya, gashi ya rufe musu ƙafafu har yatsu. Yara suka kewaye su suna ihu, wai ga kaji masu wando. Da rana ta take sai na ga sun kwanta a inuwa, sun saki fukafukai, baki buɗe, suna haki.

"Kaka, kin taɓa ganin irin waɗannan?" in ji shi.

Na ce na taɓa gani. Ya yi dariya, ya ɗauka ruɗin tsufa ne. Ban ja da shi ba. Amma hakin nan nasu na san shi tun uwarsa ba ta yi famfara ba, kuma a irin wannan bazarar na san shi.

Lokacin ina ƙauyenmu, gabas da Matankari, zamanin Nasara. Mu huɗu ne a gidan: ni, da mijina Arzika, da uwarsa da muke ce wa Inna, da 'yar farina, wadda kunya ta hana ni kiran sunanta, sai Tanoma. Ita ce ta haifi wannan jikan nawa. Inna ta haifi 'ya'ya da yawa, ƙasa ta cinye su duka, Arzika kaɗai ya tsaya mata. Mace ce gajera, mai ƙarfin hannu, 'yar bori, ba ta da yawan magana. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yaba mini ba, mun dai zauna lafiya.

Da kaka aka kawo kajin, shekarar da gero ya yi kyau. Muna sussuka sai ga maigari ya shigo, bayansa gardi bisa doki, da jar hula da bulala, bayan gardin kuma wani mutum ɗauke da babban kwando. Gardi shi ne ɗan sandan Nasara a wancan zamani, in ya shigo ƙauye har karnuka shiru suke yi. Ubangidansa shi ne kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu. Aka sauke kwandon, aka buɗe, zakara ɗaya da kaji uku suka fito a hankali, farare masu baƙin wuya. Ba su gudu ba. Suka tsaya suna kallonmu kamar baƙin da ke jiran a shimfiɗa musu tabarma.

"Kajin kumandan na," in ji gardin. "Daga bakin teku anka kawo su. Ya ce a raba ma gidaje a kiwata mishi. Ƙwai nashi na, 'yan tsaki nashi na. Wadda duk tam mutu, mai gida ka biya, kuma ba da kuɗi ba."

Maigari ya ce ya zaɓi gidanmu ne don kowa ya san ina da hannun kiwo. Gaskiya ne ina da shi. Gaskiya ne kuma ba mu da kowa a fada. Kafin gardin ya tafi ya sa aka yanka zakarunmu na gida duka, wai kada su ɓata iri. Inna ta zagaya baƙin kajin, ta duba su sama da ƙasa, ta tofar da yawu.

"Waɗanga ba kajin ƙasarmu ba na," ta ce. "Ko Doguwa ka yanka ma wanga zakara, cewa za ta yi ba ta san shi ba."

Akurkinmu ya yi musu kaɗan, ko kai ba sa iya sawa. Arzika ya kwaɓa laka ya gina musu wani babba, ya yi masa rumfa ta karan dawa. Ba sa tashi sama, ba sa hawa danga, ba sa zuwa juji tono kamar kajinmu. Gindin turmi suke tsayawa su jira. Abin da ɗaya za ta ci, kajin gida huɗu ba sa cinye shi. In shirwa ta gitta, kazar gida tuni ta shige ƙarƙashin rumbu, su kuwa sai su ɗaga kai suna kallonta. Ƙwansu manya ne, jajaye, amma in suka kwanta a kai nauyinsu fasa shi yake yi, sai na riƙa sa wa wata wake-wake tawa ta gida tana ƙyanƙyashe musu. Ina kifa tukunya da kashin shanu da ciyawa a gidan gara, da safe in kwaso wa 'yan tsaki. In sun tasa gardi ya zo ya kwashe.

Ba zan ɓoye ba, na so su. Ban taɓa ganin dabba mai sanyin hali irinsu ba. Tanoma ta sa wa zakaran suna Malam, don yana tafiya a hankali kamar mai babbar riga. Takan rungume shi, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta kai shi inuwa ta zauna tana yi masa kitso a gashin wuya, shi kuwa ya lumshe ido. Bai taɓa saranta ba. Ko carar tasa mai kauri ce, ba ta tsorata yaro. Matan ƙauye har zuwa suke yi kallo, wasu na cewa na yi sa'a. Ina da ciki a lokacin, ga rumbu cike, in na watsa musu gero ko a jikina.

Damina ta zo da ruwa ɗaya mai kyau, muka yi shuka. Ya ɗauke. Shukar ta fito kamar allura, rana ta ƙone ta. Muka sake. Ran da ruwa ya dawo da ƙarfi, har ya shigo ɗaki, ran nan na haihu, namiji, shi ya sa aka yi masa laƙabi Anaruwa. Muka ce arziki ya zo. Geron ya yi ta fama, ya tashi gajere, ya fid da kai, ya fara bununi. Sai wata rana da hantsi muka ga wani abu ja ya taso daga arewa kamar hayaƙi. Rana ta dushe. Ƙararta muka fara ji kafin ta sauka, kamar wuta na cin kara. Fara ce. Maza da mata muka fita da ƙwarya da ganga da reshe, muna kaɗawa, muna ihu, muna kunna hayaƙi. Tana faɗa mana a fuska, tana shiga zane. Da ta tashi, gona ta zama kara tsirara. Itatuwa ma ba ta bar musu ganye ba.

Abin da muka girba ko gindin rumbu bai rufe ba, a ciki kuma aka zo aka ɗebi na haraji. Arzika ya zaɓi zangarniya masu ɗan ido, ya sussuke, ya zuba a tukunya ya liƙe bakin da laka, ya ajiye ɗakin Inna. Iri ne, na shukar baɗi. Ba a taɓa iri, ko yaro ya san wannan.

Yunwa ba rana ɗaya take shigowa ba. Da fari mun daina furar rana. Sai tuwon dare ya koma kunu. Farar da muka kama muka shanya, ita muka ci har ta ƙare. Muka sayar da akuya, muka cinye kajin gida, har wake-waken nan tawa. Dusar da a da muke zuba wa dabbobi ta koma cikin tukunyarmu. Da sanyi ya wuce sai muka shiga daji. Mu tsinko anza, mu fasa, mu jiƙa 'ya'yan kwana da kwanaki muna sake ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka, sai ka ci ka ji hanjinka na murɗawa. Mu yago yaɗiya da ganyen jiga mu dafa da gishiri, in akwai gishirin. Mu share ƙarangiya mu daka, mu fid da 'yan ƙwayoyin cikinta, ƙaya ta cika hannu. Har gidan tururuwa mun tona, muna ƙwace abin da ta tara.

A cikin wannan hali kajin kumandan suna cin gero. Dole su ci. Gardi yakan zo ba sanarwa, ya ɗaga kowace kaza ya taɓa ƙirjinta da yatsa, ya ji ko ta rame. Mu bai taɓa duban namu ƙirjin ba. Arzika yakan tafi ƙwadago har wajen Dumega, ya yi yini yana saran itace ko yaɓen ɗaki, ya dawo da ɗan abin da bai cika ƙoƙo ba, a raba biyu, rabi namu rabi nasu. Yanzu ina ganin jikana yana sayo wa nasa abinci cikin buhu, har da maganin da ake ɗiga musu a ruwa. Mu a lokacin bakin mutum da bakin kaza ƙwarya ɗaya suke kallo.

Sai bazara ta shigo. Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu. Rijiya ta ja baya, tun da sassafe mata ke layi, guga na fitowa da rabin laka. Kajin nan an halicce su da riga bisa riga, ba don ƙasarmu ba. Tun hantsi suke fara haki. Nakan yayyafa ruwa ƙarƙashin rumfarsu, ruwan da na tsaya rabin yini kafin in samu, in sa musu kasko, in jiƙa musu ƙafafu. Duk da haka wata rana da azahar na tarar da babbar cikinsu ta miƙe ƙafa, kai a ƙasa, jikinta da zafi kamar an ciro ta daga tukunya.

Ba mu ci ta ba. Maigari ya ce a bar ta yadda take har gardi ya gani da idonsa, kada a ce yankawa muka yi. Muka rataye ta a rumfa, ta kumbura, ta yi wari, ƙudaje suka rufe ta, mu kuwa muna cin anza muna shaƙa. Da gardin ya zo ya toshe hanci, ya tura ta da bakin bulala.

"Kun hana ta ruwa," ya ce.

"Ranka shi daɗe, zahi na," in ji Arzika. "Mu ma..."

Bai ƙarasa ba. A tsakar gida aka kwantar da shi, gaban uwarsa, gaban 'yarsa. Ina goye da Anaruwa, ina jin kowace bulala a cikin bayana. Da gardin ya gaji ya sa aka ɗaura wa Arzika igiya a ƙugu, ya ce aikin hanya za a kai shi, can wajen Dosso, inda ake fasa dutse. Inna ta kama linzamin dokin ta durƙusa.

"Shi ɗai gare ni. Ka tahi da ni."

"Mi za a yi da ke, tsohuwa? Ki ji da kyau. In sauran sunka kai kaka lahiya, a sako miki ɗanki. In wata ta ƙara mutuwa, ki manta kin haihe shi."

Haka suka fita, doki a gaba, Arzika a baya, bayansa na jini. Arzika ya waiwayo sau ɗaya.

Tun daga ran nan Inna ta canza. Ta ɗauke tabarmarta ta mayar ƙofar akurki. Da babu sauran abin da za a ba kajin, ta shiga ɗaki ta fasa bakin tukunyar iri. Ina tsaye ina kallo.

"Inna, iri na hwa."

"Na sani."

"In ruwa ya zo, mi za mu shuka?"

"In babu mai noma, mi za a yi da iri?"

Kowace safiya takan cika tafinta, ta fito, ta watsa musu, ta tsaya a kansu har su tsince. Da maraice ma haka. Tukunyar tana ɗakinta, ɗakin kuma ta ɗaure ƙyaurensa da igiya, ta san irin ƙullin da ta yi. Kajin sun rage ƙwai saboda zafi, ɗan wanda suka yi takan binne shi cikin ƙwarya da rairayi ta ajiye wa gardi. Ba don kanta take yi ba, wannan zan shaide ta ko a gaban Allah. Nata kason na anza ma rabi take ci, ta tura wa Tanoma sauran. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu.

Ni kuwa nonona ya fara ƙafewa. Anaruwa yaro ne mai ƙiba da dariya, ya fara rarrafe. Sai ya daina rarrafen. Ya kama nono ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Na gwada ba shi ruwan yaɗiya, ya yi ta zawo. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, cikinsa ya fito, ƙafafu kamar sillen kara. Kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Wata safiya na tare Inna a ƙofar ɗakinta, geron na hannunta, na durƙusa yadda ban taɓa durƙusa wa kowa ba.

"Inna, tahi ɗaya. In dama mishi kunu. Tahi ɗaya kullum, kajin ba su sani ba."

"Gardi shina sani. Yatsanshi shina sani."

"Jikanki na. Dube shi."

Ba ta dube shi ba. Ta kau da kai wajen danga.

"Ɗiyata, ke ɗanki kika gani. Ni ma ɗana nika gani. Ke yarinya ta, kina sake haihuwa. Ni na gama."

Ta wuce ni ta watsa musu.

Na je wurin maigari, ya ce shi ma wuyansa cikin igiya yake. Na zagaya gidaje, kowa ya nuna mini tukunyarsa a kife. Wata maƙwabciya ta ba ni ɗan garin kuka, shi ke nan abin da ta mallaka. Na yi tunanin tsinke igiyar ɗakin, na yi tunanin wuƙa. Sau da yawa in Inna ta tafi rijiya nakan tsaya bakin rumfa, kajin su taho wurina da kansu, su kwanta kusa da ƙafata, don sun saba da ni. Ko gudu ba za su yi ba. Sai in tuna bayan Arzika, in tuna igiyar nan a ƙugunsa, hannuna ya mutu. Ban san wanda zan zaɓa ba, ina cikin rashin sanin kwanaki suka yi ta wucewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata safiya ce. Inna ta watsa gero ta juya ɗaukar kasko. Sai ga Tanoma ta rarrafo ta shiga tsakanin kajin, ta duƙa, tana tsintar ƙwayoyin da yatsu biyu tana kaiwa baki, da ƙasa da komai. Malam ya ga ita ce, ya ja da baya ya bar mata wurin, ya tsaya yana kallonta da ido ɗaya. Inna ta juyo. Ta fizgo yarinyar, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo abin da ke bakinta, ta shiga dukanta da ludayi tana cewa, "Ubanki kika ci! Ubanki kika ci!" Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Matar ɗa ba ta riƙe hannun uwar miji a ƙasarmu, amma na riƙe, na murɗe har ludayin ya faɗi. Muka tsaya muna kallon juna, mu biyu duka muna rawa don yunwa. Daga ranar ba mu ƙara magana ba sai ta dole.

Anaruwa a bayana ya cika. Na tafi daji yagar yaɗiya, rana tsaka, ina goye da shi. Yana ɗan numfashi a wuyana, ina ji. Can ina duƙe sai na ji kansa ya faɗa gefe, ya yi wani nauyi da ba nasa ba. Ban sauke shi ba. Na ci gaba da yaga har ƙwaryar ta cika, na aza a kai, na dawo gida, don na san in na sauke shi a dajin ba zan iya tashi ba. Tsofaffi biyu suka haƙa masa rami bayan gida, ƙasar ta yi tauri, ramin ko zurfi bai yi ba. Inna ce ta wanke shi. Ta daɗe tana wankin. Da maraice ya yi ta shiga ɗaki ta fito da tafinta cike, ta watsa wa kaji.

Ba a jima ba ruwa ya sauka. Ruwa na gaske, da tsawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika tafki da kuka. Mutane suka fito suna tara hannu. Muka juye abin da ya rage a tukunyar iri, ko ƙwarya ƙarama bai cika ba. Inna na sara da sungumi, ni ina bi ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige, Tanoma na zaune gindin sabara don ba ta iya tsayuwa da yawa. Kusurwa ɗaya ta gonar muka shuka, sauran ta zama ciyawa. Ba a yi gayya a shekarar ba, wa ke da abin ciyar da masu gayya? Mata dai mukan taru, yau gonar wannan gobe ta waccan, mu yi noma kaɗan mu zauna, mu tashi jiri na ɗibarmu. Yunwar damina ta fi ta bazara ciwo, ga kore ko'ina, ga ba abin ci sai tafasa da rama. Kajin kuwa sanyi ya zo musu, suka warware, suka samu tsutsa da ƙwari. Laka takan dunƙule a gashin ƙafarsu, Inna ta zauna da ruwan ɗumi tana wanke musu yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Gero ya fara fid da kai, ba a kai ga tumu ba, sai ga gardin nan ya dawo, shi da wasu abokan aikinsa biyu. Hanya ce ta biyo da su. Suka ɗaure dawaki, suka zauna ƙarƙashin rumfarmu, suka cire takalma. Inna ta yi maza ta kawo ƙwaryar ƙwai, ta kore kajin zuwa gabansa don ya ga yadda suka yi kyau.

"Madalla, tsohuwa," ya ce. "Sun yi ƙiba. A yanka muna su, mun kwaso yunwa."

Inna ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Ranka shi daɗe, na kumandan na."

Suka fashe da dariya su uku.

"Wane kumandan? Mai kaji? Ai wancan ya tahi tun sanyi bai wuce ba. Ciwo ya kama shi, anka mai da shi ƙasarsu. Wanga sabo bai san da zancen wasu kaji ba."

Tun sanyi bai wuce ba. Kazar nan kuwa da bazara ta mutu. Na ga Inna tana motsa baki, tana jera watannin a ranta.

"To, ɗana hwa?" ta ce. "Ka ce in sunka kai kaka..."

"An bukaci mutane ga hanya. Da kaza da ba kaza, sai ƙauyenku ya ba da mutum. In aiki ya ƙare shina dawowa, in da sauran kwana." Ya juya wajen Tanoma. "Ke yarinya, kawo wancan babban."

Ita ta kai shi. Ta rungume shi yadda ta saba, ƙafafunsa na jan ƙasa, shi kuwa ya kwantar da kai a kafaɗarta. Ko da aka taka masa fukafukai bai yi wani yunƙuri ba. Kajin biyu suna tsaye kusa suna kallo har aka zo kansu.

Ni aka sa na fige, na dafa. Da na buɗe cikin Malam sai ga kitse rawaya, dam, ya rufe hanji. Ko mai ban sa ba, da kitsensu suka soyu. Ƙamshin ya tashi ya bi ƙauye, yara suka taru bayan danga sun yi shiru, ido kawai. Gardawan suka ci, suka gyatse, ɗaya ya ce naman zakaran ya yi tauri, ya tsufa. Suka ƙulle sauran a ganye, suka ɗauki ƙwai, suka hau. Suka bar mana kawuna da ƙafafu da ƙashin da suka tauna.

Na tattara na mayar tukunya na tafasa. Na zaci Tanoma za ta ƙi ci. Ta zauna ta ci kan Malam, ta fasa shi da haƙori ta tsotse, ta suɗe yatsu, ta ɗago ta ce, "Iya, akwai saura?" Ni ma na ci. Na sha romon har ƙasan tukunya. Inna kaɗai ba ta taɓa ba. Tana zaune kan tabarmarta a ƙofar akurki, inda ta saba, ba abin da za ta tsare.

Arzika ya dawo bayan an yi girbi. Da sanda ya shigo, kurkunu ya kumbura masa ƙafa, haƙoransa na gaba babu. Da ƙyar na gane shi. Ya zauna bakin rumfa, Tanoma ta ɓuya bayana. Ya sha ruwa, ya dube ni, ya dubi bayana inda goyo ya kamata ya kasance.

"Ina yaron?"

Na nuna masa bayan gida da hannu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ɗago ya ga akurkin wayam, sai tsoro ya kama shi, ya fara ƙoƙarin miƙewa.

"Kajin hwa? Sun mutu? Za su dawo su kama ni?"

Inna ta tashi. Ta je gindin turmi ta ɗauki taɓarya, ta nufi akurkin da ɗanta ya gina, ta shiga dukansa. Laka ce mai kauri, ita kuwa ba sauran ƙarfi, taɓaryar na dawowa tana neman kayar da ita. Ba ta tsaya ba. Arzika na kiranta, ba ta ji. Ta yi ta duka har gefe ɗaya ya rufta, rumfar ta zube, ƙura da tsohon gashin kaji suka tashi. Sannan ta saki taɓaryar ta zauna cikin ɓaraguzan, tafin hannunta duk ya fashe. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, karo na farko tun ran da na riƙe mata hannu.

"Ɗiyata," ta ce, "ba ni ruwa."

Ina tsaye jikin randa, ƙoƙo na hannuna. Na ba ta. Amma sai da na bari ta sake roƙo.